Nasiha ga Matasa kan Tsakuwar Ƙoda da Aikin Cire Ta

'Ya'yana na Talata Mafara, Bakura da Maradun, ku ba ni aron kunnuwanku kan wani ciwo da ke kayar da ƙarfafan maza.

Da yawanku kuna wuni a gonakin shinkafa da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, wasu kuma a kan babur. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Gumi na zuba, ba a shan ruwa, fitsari ya ragu ya yi ja, gishirin da ke cikinsa ya dunƙule ya zama tsakuwa a ƙoda. Sai ka ga saurayi dafe da kwiɓi yana murƙususu, ciwon na gangarowa mara, ga amai, wani lokaci har da jini a fitsari.

Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi takan fita da kanta. Babba kuwa sai aiki, kuma akan tura mutum Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A aikin zamani, likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari, ko ta 'yar kafa a baya, ya farfasa tsakuwar. Domin ya riƙa gani sosai, dole ya yi ta tura ruwa cikin ƙodar.

A nan haɗarin yake. Kun san idan aka sako ruwa ya fi ƙarfin magudana, ɓallewa yake ya shiga gonar da ba tasa ba. Haka ƙoda take. Idan ruwan da ke shiga ya fi wanda ke fita, matsi ya kai wajen 30 a irin ma'aunin hawan jini, sai ruwan ya fara kutsawa cikin jijiyoyin jini. In akwai ƙwayoyin cuta a fitsarin ko a jikin tsakuwar, tare za su shiga. Daga nan sai zazzaɓi da makyarkyata, jini ya sauka, rai ya shiga haɗari. Shi ya sa likitoci ke buɗe wa ruwan mafita, suna kuma taƙaita lokacin aiki.

Ku ma da naku rabon. Kada ku yi ƙorafi idan aka ce a fara gwajin fitsari. Ku faɗi gaskiya game da duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da kuka saya a kemis, da jiƙon da kuka sha, da ciwon suga in akwai. Idan likita ya ce zai fara sanya siririyar roba fitsari ya sauka, ko zai raba aikin gida biyu, kada ku matsa masa don kuɗin mota. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an sallame ku, zazzaɓi ko ɗaukewar fitsari ba abin jiran gari ya waye ba ne, ku koma asibiti nan take.

Masu lafiya kuma, ku tafi gona da jarkar ruwa, ku sha har fitsari ya yi fari, ku rage gishiri. Da azumi, ku yawaita sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Lafiya amana ce, 'ya'yana, ku riƙe ta da kyau. Allah ya tsare ku, ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.