Darasin Juma'a: Najashi Ya Koma Cikin Waya

'Yan uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata, darasinmu na wannan mako a kan sayayya ta waya ne.

A littattafan fiƙihu akwai wani nau'in ha'inci da ake kira najashi. Shi ne mutum ya zo wurin ciniki ya ƙara wa kaya kuɗi, alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shi, kuma malamai sun sanya yabon kaya na ƙarya a ƙarƙashin wannan hani.

To, yau najashi ya bar bakin rumfa ya shige waya. Za ka ga an tallata injin ban ruwa, ko sola, ko atamfa a Facebook ko WhatsApp, a ƙasa mutum hamsin suna cewa "na saya, kaya ya yi kyau." Sau da yawa biyansu aka yi, ko kuma mutum ɗaya ne da sunaye barkatai. Har shafuka ake buɗewa na musamman masu cewa sun gwada kaya sun tantance, alhali kamasho suke ci a kan duk wanda ya saya. A 2022, kamfanin Amazon na Amurka ya kai ƙarar masu kula da zaurukan Facebook sama da 10,000 saboda cinikin irin wannan yabo. Idan ana yi wa babban kamfani haka, ina ga mai shago a kasuwar Kafanchan?

Mu nan, kayanmu daga Kano, Kaduna, Jos ko Onitsha suke zuwa, mun saba tura kuɗi kafin mota ta iso. A da amana ce ke riƙe da wannan, domin ka san mutum, ka san ubangidansa. Baƙon intanet kuwa ba ka san ko unguwarsu ba.

Ga abin da za mu kiyaye:

1. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, tarko ne. Araha ba ta ado.

2. Kada ka biya baƙo kafin ka ga kaya. Idan da nisa, tura ɗan uwa ya gani da idonsa.

3. Yabon da duk kalmominsa iri ɗaya ne, babu mai kuka ko ɗaya, abin zargi ne.

4. Masu sayar da citta da hatsi, kada ku saki buhu saboda saƙon alat ko hoton rasit. Ku duba asusunku tukuna.

5. Lambar sirri ta kati da lambar OTP ba a ba kowa, ko ya ce daga banki yake.

Wanda aka damfara ya garzaya bankinsa a ranar, ya ajiye hotunan hira da rasit, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Akwai kuma hukumar kare masu saye, FCCPC. Kunya ba ta dawo da jari.

Matasanmu da ake ba ɗari biyar su rubuta yabon kayan da ba su taɓa gani ba, ku sani shaidar zur ce, kuma kuna da kaso a haƙƙin duk wanda ya ruɗu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ciyar da mu halal. Amin.

Sakataren Masallaci