Darasi: Yadda Karaya Take Haɗewa

Maɗori ba shi ke haɗa ƙashi ba, haka ma likita. Aikinsu su daidaita karaya, su hana ta motsi. Sauran aikin, da ikon Allah, jiki ne ke yi.

In ƙashi ya karye, jini yakan taru a wurin ya daskare. Cikin mako biyu zuwa uku guringuntsi ya lulluɓe bakin karayar, a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi. Shi ne ƙullutun da kake ji in ka shafa wurin. Ƙwaurin babba yakan ci wata uku ko fiye. Na yaro bai kai haka ba.

A cikin ƙashi akwai wasu sinadarai da likitoci ke ce wa BMP. Su ne sankirar da ke kiran magina su fito aiki. A shekarar 1965 wani likitan Amurka, Marshall Urist, ya jiƙa ƙashi a ruwan asid har ya yi laushi, ya dasa shi cikin tsokar zomo. Bayan makonni sai ga sabon ƙashi ya tsiro a tsakiyar nama!

Yanzu ana harhaɗa sinadarin a masana'anta. A 2004 Amurka ta yarda a sa shi ga karayar ƙwauri mai rauni a buɗe. Lokacin tiyata ake zuba shi a wani soso, a ɗora kan ƙashin. Amma yana da tsadar gaske, yakan kawo kumburi, wani lokaci har ya tsirar da ƙashi inda ba a so. Ko a can ba kowace karaya ake sa wa ba.

Mu nan Ƙwanni, Malbaza da Illela, abin da ya fi mana amfani shi ne hanzari. In babur ya kayar da mutum har ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai asibiti ran nan. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, yana yin tiyata.

In an yi ɗori yatsu suka yi sanyi ko suka sage, ɗaurin ya yi tsauri. A sassauta nan take, a nufi likita. Mai jinya ya riƙa cin wake, nono, ƙwai da zogale, ya kuma ajiye taba, don tana jinkirta haɗewar ƙashi.