Naan: Gurasar Indiya a Kaskon Ɗalibi

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wannan wurin: an zauna cin abinci, sai wani ya kai hannu ya yago wani faffaɗan abu mai tabon ƙuna, ya dangwali miya ya kai baki. Sunansa naan. A gidajen abincin Indiyawa na Abuja da Legas ana kawo shi da zafinsa yana ƙyallin man shanu, kuma kuɗinsa ba na aljihun ɗalibi ba ne. Ni kuwa ran da na fara yin wanda ya yi kyau a gidanmu da ke Gobarau, na kai wa kakata da rawar jiki, ta juya shi gaba da baya ta ce, "Kai yaro, ai wannan gurasa ce aka yi wa kwalliya."

Gaskiyarta. Kalmar naan daga Farisanci ta fito, kuma ma'anarta burodi kawai. Ana gasa shi a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙasa da ake hura wuta a gindinta, a manna ƙullun a jikin bangonta. Indiyawa na ce mata tandur, Larabawa su ce tannur, kalmar da ta zo a Alƙur'ani cikin ƙissar Annabi Nuhu. Mu kuma mun ce tanderu. Ka ga ashe abu ɗaya ne ya bi hanyoyi daban-daban. Tasu ta bi ta Farisa zuwa fadar Delhi, inda mawaƙi Amir Khusrau ya ambaci naan ɗin tanderu wajen shekara ta 1300. Tamu ta biyo Larabawa fatake da ke ƙetaro Sahara zuwa birane irin Katsina da Kano, har Kano ta samu unguwa sukutum mai suna Cheɗiyar 'Yan Gurasa. Bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne: ƙullun naan ana sa masa kindirmo da mai, ana murza shi ya yi falefale, sannan a shafe shi da man shanu yana fitowa daga wuta.

To me ya sa ɗalibi zai damu? Saboda burodi ya yi tsada, kuma kowa ya san yadda aljihu ke komawa idan wata ya yi nisa. Fulawa gwangwani 4 za ta ba ka naan 6, wanda zai ishi mutum biyu karin safe har da ragowa. Matsalar ɗaya ce: ba mu da tanderu a ɗaki. Dabarar da ke cikin wannan darasi duka ita ce yadda za a sa kasko ya yi aikin tanderu.

Awon da zan bayar da gwangwanin madara ne, ƙaramin nan da ake awo da shi a kasuwa. Fulawa gwangwani 4, kindirmo gwangwani 1, ruwan ɗumi rabin gwangwani da ɗoriya kaɗan. Yis ƙaramin cokali 1, sukari ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, man gyaɗa babban cokali 2. Sai man shanu soyayye da tafarnuwa na shafawa, da habbatus sauda idan kana so. Indiyawa ma suna barbaɗa ta a kan naan, su suna ce mata kalonji. Duk kayan nan babu wanda ba za ka samu a Babbar Kasuwa ba.

Kindirmo na ce, ba nono ba. Nono an riga an kaɗe mansa, ga ruwa, wani lokaci ga tsami mai yawa, sai ƙullun ya yi ruwa ya ƙi kamuwa. Kindirmo mai kauri shi ke ba naan laushinsa, don maiƙonsa da ɗan tsaminsa suna sassauta ƙullu. Wanda bai samu ba ya yi amfani da yogot marar sukari.

Fara da tada yis. Zuba shi a ruwan ɗumin tare da sukarin, ka bari minti 10. Ruwan ya zama wanda za ka iya barin yatsanka a ciki ba tare da ka ji zafi ba. Yis abu ne mai rai, ruwan zafi kashe shi yake yi. In ka ga kumfa ta taso, yana da rai. In ruwan ya zauna shiru, to ka zubar ka sayo wani tun kafin ka yi asarar fulawarka. Wannan yakan faru da yis ɗin da ake ƙullawa a leda ya daɗe a rana.

Daga nan haɗa fulawa da gishiri a roba, zuba ruwan yis da kindirmo da mai, ka cuɗa. Ƙullun zai manne maka a hannu, kuma nan ne kusan kowa ke yin kuskure: sai a yi ta ƙara fulawa har ya daina mannewa. Kada ka yi. Ƙullu mai tauri naan mai tauri yake bayarwa, irin wanda in ya huce sai ka ce fatar ganga. Shafa ɗan mai a hannu ka ci gaba da murzawa minti 8 zuwa 10, zai haɗe da kansa ya yi santsi. 'Yan sashen kimiyya sun san dalili: murzawar ce ke sa sinadarin gulutin na alkama ya saƙu kamar raga, ragar kuma ita ke riƙe iskar da yis ke fitarwa idan ya ci sukari. Ba raga, ba tashi.

Rufe robar da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle ka ajiye har ƙullun ya ninka. A zafin Katsina na watan Afrilu ko awa ɗaya ba ya kaiwa, kuma in ka manta da shi ka tafi lacca, za ka dawo ka tarar ya yi tsami yana warin giya. Da hunturu kuwa yakan ɗauki awa 2, ga iskar na busar da samansa ya yi ɓawo, don haka a rufe da kyau a ajiye kusa da murhu. In ya tashi, raba shi gida 6, mulmula kowanne, ka sake barinsu minti 15 a rufe. Hutun nan na biyu shi ke hana ƙullun tsukewa idan kana murza shi.

Yanzu ga inda aikin yake. Zafin tanderu yakan kai digiri 480, kusan ninki biyu na abin da obin ɗin gida ke iya bayarwa. A wannan zafin ruwan da ke cikin ƙullu nan take yake zama tururi, ya kumbura shi, waje ya gasu cikin minti ɗaya zuwa biyu kafin ciki ya bushe. Shi ya sa naan ɗin gidan abinci ke da ƙuna a waje da laushi a ciki. Duk wanda ya gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan, biskit zai samu.

Nemi kaskon ƙarfe mai kauri kuma mai mariƙi, ka ɗora a wuta ba mai ko ɗigo, har sai in ka yarfa ruwa ya yi tsalle ya ɓace. Murza curi ɗaya da kwalba mai tsabta, ya yi tsawon tafin hannu da rabi, kaurinsa kada ya wuce na kwali. Shafa ruwa a fuska ɗaya da yatsu, ka kwantar da fuskar mai ruwan a kan kaskon. Ruwan ne zai manne shi da ƙarfen, kamar yadda mai gurasa ke manna tata a bangon tanderu. Cikin daƙiƙa 40 zuwa 60 za ka ga ƙuraje manya-manya sun taso. To sai ka kama mariƙin da tsumma, ka kifa kaskon gaba ɗaya a kan wutar, naan ɗin na kallon harshenta da tazarar kamar yatsu huɗu, kana ɗan juya hannu har ƙurajen su yi baƙi-baƙi. Mayar da kaskon daidai, ka ɓanɓaro shi da cokali mai faɗi.

Wallahi karon farko da na gwada, da kaskon nan mai baƙin shafe wanda abu ba ya kamawa na yi, wai ni mai kayan zamani. Ina kifawa naan ya faɗo cikin wuta, ƙannena suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Irin wannan kaskon ba ya yi, kuma zafi mai yawa lalata shafensa yake. In shi kaɗai gare ka, ko naka ba shi da mariƙi, kada ka shafa ruwa: gasa fuska ɗaya da murfi a rufe, ka juya, sannan ka ɗaga shi da matsefin ƙarfe ka nuna wa wuta na 'yan daƙiƙoƙi.

Gas ya yi, amma garwashin gawayi a kurfoti ya fi, don shi ne ke ba da ƙamshin nan na tanderu. Risho kam a yi haƙuri da kifawa, hayaƙin kalanzir zai kama shi. Kuma don Allah a yi aikin a waje ko a madafa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa, musamman da sanyi da ake toshe tagogi. 'Yan hostel su bi dokar da aka kafa kan girki.

Yana sauka, shafa masa man shanun da ka narkar da dakakkiyar tafarnuwa, ka sa a kwano ka rufe da ƙyalle. Tururin da suke yi wa juna a jere shi ke ƙara musu laushi. Man shanunmu soyayye shi ne dai abin da Indiyawa ke kira gi, ba sai ka nemi na kanti ba.

Abin ci da shi ba ya wuya. Miyar ja mai kauri, wake da manja, ƙwai da albasa irin na mai shayi, ko tsire in an samu canji. Na taɓa yayyanka wanda ya kwana na yi bandashe da shi, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa, kakata ta ci ba ta ce komai ba, ta dai miƙo kwano a ƙara. Wanda ya rage a ɗaure a leda, gobe a yayyafa masa ruwa a ɗumama a kasko minti ɗaya. Kada ya wuce kwana biyu, don babu maganin hana lalacewa a cikinsa kamar burodin kanti. Mai tunanin sayarwa a makaranta kuma ya fara lissafa gawayi da man shanu kafin ya yanka farashi, don su ne ke cinye ribar, ba fulawar ba.