Kumburi Bayan Aikin Ƙashin Baya

'Yan'uwa cikin Kristi, wasunmu kan je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a yi musu aiki a ƙugu. Bayan sallama, ruwa kan taru ƙarƙashin ɗinkin, wurin ya kumbura. Ƙaramin kumburi yakan baje da kansa. Kada mu matsa shi, kada mu bar wanzami ya tsaga, domin ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga.

Mu mai da majinyaci asibiti a ranar idan akwai:

1. Zazzaɓi.
2. Farin ruwa mai ɗiga daga ɗinkin.
3. Ciwon kai a zaune, sauƙi a kwance: ruwan laka ke yoyo.
4. Mutuwar ƙafafu ko riƙewar fitsari.

Mu yi addu'a, ikilisiya kuma ta tanadi kuɗin mota tun da wuri.