Filin Shawara: Wata uku ba albashi, ga kunyar abokin Baba

Gwaggo, ina sayar da fetur a wani gidan mai a nan Daura, shekara ɗaya da wata biyu ke nan, a kan albashin naira 30,000. Wata uku yanzu ko sisi ba a ba ni ba. Da na yi magana, manaja ya ce akwai giɓi a lissafin famfona, a kuɗina za a cire, amma ba wanda ya nuna mini lissafin. Mai wurin abokin mahaifina ne, shi ya sa Baba ya ce in yi haƙuri kada in ba shi kunya. Ban sa hannu a wata takarda ba lokacin da aka ɗauke ni. In ajiye aikin ne, ko yaya?

Ɗanki, daga Daura

Ɗana, kada ka ajiye aikin tukuna. Ranar da ka fita da fushi, ranar ce littafin lissafin zai yi ɓatan dabo, a wayi gari ana cewa kai ake bi bashi.

Tun daga gobe ka nemi ɗan littafi naka na kanka. Kullum da safe ka rubuta lambar da mitar famfo ta nuna, haka ma lokacin tashi, da kuɗin da ka miƙa da wanda ya karɓa. Ka ɗauki hoton mitar da wayarka. In ta banki ake biyanka a da, ka adana saƙonnin shigar kuɗin, domin su ne shaidar cewa kai ma'aikacinsu ne da kuma nawa ake ba ka. Ka tura wa manaja saƙo cikin ladabi, ka ambaci watannin uku da jimillar naira 90,000. Ko "ka ƙara haƙuri" ya amsa, ya amsa bashin ke nan.

Rashin takarda ba laifinka ba ne. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ɗora wa mai aiki ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Sashe na 15 ya hana a wuce wata guda ba a biya ba. Maganar giɓi kuwa, wadda na gaji da jin ta daga bakin yaran gidajen mai da na shaguna, sashe na 5 bai yarda mai gida ya yanke albashi da sunan asara haka kawai ba. Sai an tabbatar ganganci ko sakacinka ne ya jawo ta, kuma jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Manaja ba zai zama shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali ba.

Baba yana da gaskiyarsa, abota ba abin wasa ba ce a gari irin Daura da kowa ya san gidan kowa. Don haka ta hannunsa za ka fara. Ka nuna masa littafin, ka roƙe shi ya je da kansa wurin abokinsa, tare da limamin unguwa ko mai unguwa. Sau da yawa mai wuri bai ma san abin da manaja ke yi da sunansa ba. In aka yi sulhu, a rubuta ranar biya, shaidu su sa hannu.

In hakan bai yi ba, ka kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, sukan kira mai aiki a zauna. Hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ma tana da ofis a can. Kotun da tsarin mulki ya ba hurumin rikicin albashi ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai reshenta a Kano, amma ka lissafa kuɗin mota da zirga-zirga kafin ka kai nan. 'Yan sanda kam ka bar su, bashi ba huruminsu ba ne.

Wani zai ce maka ai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Haka ne, sai dai dokar ta keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to ka ƙirga ku nawa ne kafin ka ɗaga wannan magana. In kuma ka yanke shawarar tafiya bayan an biya ka, mai shekara ɗaya da 'yan watanni irinka sanarwar mako guda ce a kansa. Ka ba da ita a rubuce, ka riƙe kwafi.

Gwaggonku