Darasi: Yadda ake haɗa kwamfuta da wifi

Ƴan'uwa maza da mata na cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan kwamfuta ne, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Magatakardan ƙungiyar manoma da ya iya haɗa ta da intanet yana aika lissafin ƙungiya Maraɗi ko Damagaram daga ƙauyensa. Ba kuɗin mota, ba ɓata yini a hanya.

Mi ne ne wifi?

Wifi hanya ce ta haɗa na'urori ba tare da igiya ba. Saƙo yana bin iska, kamar maganar rediyo. An sa mata wannan suna a shekarar 1999. Amma wifi ba ta zuwa nesa. Katangar laka mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage mata ƙarfi. Saboda haka a zauna kusa da abin da ke ba da ita.

Abu biyu ke ba da wifi: ƙaramin akwati da ake saye wajen kamfanin tarho, ko kuwa salula irin wadda ake shafawa. A salula, sai a kunna wurin da aka rubuta "Partage de connexion" ko "Point d'accès". Tilas a samu rezo, kuma a sa forfe. In babu su, kwamfuta za ta kama wifi, amma saƙo ba zai fita ba.

Ga yadda ake yi a kwamfuta mai Windows:

1. Duba ƙasan allo, hannun dama, kusa da agogo. Taɓa alamar rezo.
2. In ka ga hoton jirgin sama a kunne, kashe shi. Yana rufe wifi.
3. Sunaye za su fito. Zaɓi sunan akwatinka ko na salularka.
4. Taɓa "Se connecter".
5. Rubuta kalmar sirri. A akwati, galibi tana rubuce a ƙasa ko a bayansa.

In ta ƙi, sake rubutawa sannu a hankali. Babban baƙi dabam, ƙarami dabam. Kada ka ɗauki sifiri a madadin O. In layin baƙaƙen kwamfutarka ya fara da A, Z, E, R, T, Y, riƙe maɓallin manyan baƙaƙe kafin ka buga lambobin da ke jere a sama.

Hattara da abu uku

Na ɗaya, kwamfuta ta fi salula cin forfe, don tana jawo gyare-gyarenta da kanta. Shiga saitin wifi ɗin, ka kunna "Connexion limitée". In ka gama aiki, kashe wifi.

Na biyu, kalmar sirri mabuɗin rumbu ce. Kada ta kasa baƙaƙe da lambobi 8. Kada ka sa 12345678, kowa ya san ta. In ta yaɗu cikin gari, canza ta.

Na uku, wifi marar kalmar sirri a tasha ko kasuwa ba ta da amana. Kada ka aika maganar kuɗin ƙungiya ta cikinta.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ke ba da wifi?
2. Don mi forfe ke saurin ƙarewa?
3. Wa ya kamata ya riƙe kalmar sirrin ƙungiyarku? Ku tattauna da malaminku.