Ƙaramar Dorina ta Kurmi

Dorina iri biyu ce a duniya. Akwai babba, wadda aka sani a kogin Kwara da na Binuwai, akwai kuma ƙarama, wadda ba ta zama sai cikin kurmi mai duhu. Ana samun ƙaramar a ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma, watau Laberiya da Saliyo da Gini da Kwaddibuwa, amma ta fi yawa a Laberiya.

Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce ƙafa uku ba, nauyinta kuwa daga kilo 180 zuwa 275. Babbar dorina ta fi kilo 1,000. Idanun babbar suna bisa kanta, don ta riƙa leƙe daga cikin ruwa, amma na ƙaramar suna gefe, domin ta fi yawo a tudu.

Ba ta zama cikin garke, ita kaɗai take kiwo. Da rana sai ta ɓuya cikin fadama ko rafi, gama fatarta takan tsage in ta bushe. In dare ya yi ta fito, ta bi hanyoyin da ta saba, tana cin ganye da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa da suka faɗo. Jikinta yakan fitar da wani ruwa mai yauƙi, ja-ja, har waɗansu suka zaci jini take gumi, alhali kuwa ba jini ba ne, kariya ce ga fatarta. Takan yi ciki wata shida zuwa bakwai, ta haifi ɗa guda. Damisa takan kama ta, amma babban abokin gabanta mutum ne.

Mutane suna sare kurmi don katako da gonaki da haƙar ma'adinai, mafarauta kuma suna kashe ta don nama. A lissafin masana na shekarar 2015, manyan da suka rage a daji ba su wuce 2,500 ba. A dā akwai irinta a fadamun bakin teku na Nijeriya, inda Kwara ta shiga teku, amma an daɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Saboda haka aka keɓe gandun daji inda aka hana farauta da saran itace, kamar Sapo a Laberiya, da Tai a Kwaddibuwa, da Gola a Saliyo. Muddin kurmi yana tsaye, ƙaramar dorina tana da gida. Ran da ya ƙare, ita ma ta ƙare.

Tambayoyi
1. A waɗanne ƙasashe ake samun ƙaramar dorina?
2. Don me take ɓuya cikin ruwa da rana?
3. Mene ne ya sa take raguwa?